Sirrin ɗalibi: yaushe ake riƙewa, yaushe ake faɗa?

Na daɗe ina koyarwa a kwaleji a nan Mirriya, kuma akwai kuskure ɗaya da har yau yake ci mini rai. Wani yaro mai ƙoƙari a lissafi ya tsaya bayan an tashi, ya ce, "Mushe, ina da magana, amma ka rufa mini asiri." Ya ce a fada ya koyi shan tramol, duk ranar Lahadi sai ya sha kafin ya iya dako a kasuwa, yana son ya daina amma abin ya gagare shi. Washegari na kai maganar ɗakin malamai, wai ina neman shawara. Kafin la'asar ta isa unguwarsu. Mahaifinsa ya ɗaure shi ya yi masa dukan kawo wuƙa, yara suka laƙa masa suna, bai sake taka makaranta ba. Daga baya na ji ya bi mota zuwa Jado wajen haƙar zinariya. Ni dai alheri na nufa, amma bakina ne ya kore shi.

Da abin ya dame ni, sai na kai kuka wurin wani ƙanena, ma'aikacin lafiya a Damagaram da ke kula da masu ciwon damuwa. Ya ce, "Yaya, rabin maganinmu zance ne. Mutum yakan zo ya zauna, mako bayan mako, ya faɗi abin da ya kasa faɗa wa kowa, mu taya shi warware tunaninsa. Ranar da ya ji maganarsa a bakin wani, jinya ta ƙare." Na ce to ke nan komai aka gaya muku sai ku binne? Ya ce a'a, sirri yana da iyaka, kuma rai ne iyakarsa.

Sai ya ba ni labarin da ake koya wa masu wannan aiki. A 1969, wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, ya gaya wa mai duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa cewa zai kashe wata budurwa. An sanar da 'yan sandan jami'a, suka yi masa tambayoyi suka sake shi, amma ba wanda ya faɗa wa yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. Sunanta Tatiana Tarasoff. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci cewa idan ran wani yana cikin haɗari, wajibi ne mai jinya ya ɗauki matakin kare shi, ko da sirri zai fita.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi na 32 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a islamiyya, ya hana cuta da cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun ce idan cuta biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka don a kauce wa babbar. Yarona ba ya gab da halaka a ranar, taimako yake nema a ɓoye. Ni na ɗauko masa babbar cuta.

Bayan shekara biyu aka sake jarraba ni. Wata ɗalibar aji huɗu, mai shirin BEPC, ta riƙa faɗuwa a aji. Aka ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya, ta ci gaba da faɗuwa. Wata rana ta ce tana son magana da ni, amma sai na rantse ba zan faɗa ba. Na ƙi rantsewa. Na ce, "Ɗiyata, duk abin da kika faɗa yana wurina, sai dai idan ranki ko na wani yana cikin haɗari. Ko a nan, ba zan je wurin kowa ba sai da saninki." Ta yi shiru, sannan ta ce an sa ranar aurenta da wanda ba ta so, ta gaji da duniya. Na tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Ƙanena ya riga ya gaya mini cewa tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Ta ce e.

Na ce wa ta fi yarda da shi a danginta? Ta ce gwaggonta. Tare muka je a yammacin nan. Abin da ya wajaba kawai na faɗa: yarinya tana cikin haɗari, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, gobe a kai ta asibiti. Sauran bayanin na bar mata, nata ne. Da safe suka tafi Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Gwaggon ce ta tunkari ɗan'uwanta, aka ɗaga auren. Mahaifin ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata, kuma na ɗauka.

'Yan'uwa malamai, kada mu rantse kafin mu ji, kada kuma mu kai maganar yaro ɗakin malamai. Iyaye, idan malami ya zo muku da irin wannan labari, a ajiye bulala, a fara da tambayar yaron me ke damunsa. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna, a haɗa su.

Yarinyar tana zuwa ganin likita har yanzu. Yaron kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Allah Ya tsare shi inda yake, Ya yafe mini.