Abin da Dattawa Suka Koya Game da Zaga Ƙasar Kabi

Zaga ƙasar Kabi a mota tafiya ce da ruwa ke tsara wa lokaci. Gulbin Rima, wanda mutanen yankin ke kira Gulbin Kabi, ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya gangara ya haɗu da kogin Kwara, kuma manyan garuruwan tarihi suna bakin fadamarsa ne ko kusa da ita. Shi ya sa tsofaffin direbobi da fataken da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a wannan hanya sukan fara da tambayar wata kafin su tambayi inda za a je.

Darasi na farko shi ne na lokaci: daga Yuli zuwa Satumba fadama takan cika, hanyoyin ƙauyuka su yanke. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa, ta karya gadoji a Jihar Kebbi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin bazara ne, mai wahalar da mutum da taya. Lokacin da dattawa suka fi yabawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa ya janye, an yi girbi, kasuwanni sun cika, sai dai hazon hunturu yakan rage gani da sassafe.

Darasi na biyu shi ne a bi garuruwan yadda tarihi ya jera su, domin kowane gari yana bayyana na gaba da shi. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa hedikwatarsa a Surame, inda kufan ganuwar duwatsu ke nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har zuwa 1805 da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ƙare a Argungu, suka ci gaba da gwagwarmaya, musamman bayan tawayen Yakubu Nabame a 1849. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba idan ya tarar fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuma yana Argungu. A garin Gwandu, gabas da Birnin Kebbi, hubbaren Abdullahi yake.

Tsakanin Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, da Argungu bai fi tafiyar sa'a guda ba, amma masu hankali sukan ba Argungu yini cur. Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai makamai da tambura da kaburburan sarakuna. Daga nan sai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Masunta sukan faɗa ruwa da gora da homa suna neman giwan ruwa, kuma babu mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba kowace shekara ake yinsa ba, don haka sai a tabbatar da rana, a kuma kama masauki tun da wuri.

Mai son ganin babban ruwa sai ya yi kudu ta Kalgo da Jega da Koko zuwa Yelwan Yawuri a bakin Kwara, inda ake bikin Rigata na tseren jiragen ruwa. A kusa da Jega akwai Aliero, garin albasa da masu ɗori. A kan wannan hanya dattawa suke ja wa matasa kunne cewa sauri ya haifi nawa: a yi sammako, a sauka kafin magariba, a cika tanki a babban gari, a riƙe tsabar kuɗi domin kasuwar ƙauye. Jirgin ruwan da aka yi wa lodi fiye da kima ba a shigarsa, ko da shi ne na ƙarshe. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku a yankin Warra ta Ngaski a 2021 ya isa izina.

Darasin da ya fi sauran nauyi shi ne na mutane. Labarin tsaron hanya a tasha ake samunsa, a bakin direbobin da suka bi ta a ranar, kuma matambayi ba ya ɓata. Baƙon da ya isa ƙauye yakan fara gaida mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan a haɗa shi da ɗan rakiya. Ba a ɗaukar hoton hubbare ko fada ko matan gida sai da izini. Goro ko ɗan alheri ga mai tsaron wuri ladabi ne da aka gada. Matafiyin da ya kiyaye lokaci, ya san tarihin inda ya dosa, ya girmama masu gari, shi ne yake komawa gida lafiya da ilimi da tsaraba.