Amanar Tikiti a Birnin Rum

Baƙon da ya sauka a babbar tashar Termini ta birnin Rum, ya fito filin da motocin bas suka yi sahu-sahu, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne ba zai ga kwandasta ko ɗan kamasho ba, balle wani ya fizge masa jaka yana kiran sunan unguwa. Tikitin takarda tun kafin a hau ake yankarsa, galibi a kantin masu taba, wanda ake shaidawa da babban harafin T a bakin ƙofa; a shekarun da nake zuwa, Yuro 1.50 ne, kuma yana aiki har minti 100, ko da mutum ya sauya mota.

To, a nan hikimar take. Idan ka shiga, direba ba zai dube ka ba, sai dai kai da kanka ka nufi wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa, ka zura takardarka ta buga mata sa'a, alhali babu mai ganinka sai Mahaliccinka. Amma da yake hukuma ta san halin ɗan Adam, ba ta bar al'amarin ga kyakkyawan zato kaɗai ba: wata rana, ba sallama, masu bincike za su hau, wanda duk aka samu da tikitin da bai buga ba kuwa tarar da ta haura Yuro 50 ta hau kansa, kuma baƙunta ba ta zama uzuri. Da na tsufa na tabbata cewa amana ba ta daɗewa a hannun jama'a sai da hisabi a bayanta, kamar yadda malamanmu suke gwama kwaɗayin rahama da tsoron azaba.

Sai dai amanar da hukuma ta ba ka, kada ka ba wa na kusa da kai. Bas mai lamba 64, wadda ke tashi daga Termini zuwa wajen fadar Fafaroma, ta yi ƙaurin suna da 'yan sane, waɗanda sau da yawa sun fi kowa kyan tufafi. Mai hankali jakarsa a ƙirji yake rungume ta.

Jinkirin motocin kuwa, ni ban cika ganin laifin hukuma ba, domin gari ne da duk inda aka haƙa don jirgin ƙarƙashin ƙasa sai an tarar da kufan mutanen dā, shi ya sa layukan uku ne kacal, nauyin jama'a ya koma kan bas a tituna masu ƙunci. Yajin aikin ma'aikatan sufuri kuma ya faye faɗawa ranar Juma'a. Saboda haka wanda ke nufin sallatar Juma'a a babban masallacin da aka buɗe a 1995, can arewacin gari, ya tambayi mai masaukinsa labari tun daren Alhamis.