Ciwon Marar Da Ya Hana Ni Zama

Yau labarin kaina zan ba ki, ko Allah zai sa ya amfani wata.

Bayan haihuwata ta 3 ciwon ya fara. Zafi ne kamar an ɗora min garwashi a ƙasan mara zuwa gabana. In na zauna ya taso, in na miƙe ko na kwanta ya lafa. Ko zaman tahiya sai a karkace nake yi. Aka ce sanyi ne, na sha ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe har na gaji. Maigida kuwa ya ɗauka gudunsa nake yi, har magana ta kai gaban iyaye. Kunya ta hana ni bayani.

Sai da na shekara 4 a haka, sannan wata likitar mata ta tambaye ni: "Hajiya, ciwon yana tashe ki daga barci?" Na ce a'a. Ta ce tana zargin jijiyar da ake kira fudendal ce ta matse a cikin ƙugu, domin alamomina sun dace da waɗanda likitocin birnin Nant na Faransa suka tsara a 2008. Aka yi min allurar kashe zafi a gefen jijiyar, ciwon ya ɗauke na 'yan sa'o'i. Ranar na yi kuka, ashe ba raki nake yi ba.

An fara da magani da gashin ƙashi. Da abin ya ƙi, muka sayar da fili muka tafi Indiya, aka yi min tiyata da mutum-mutumi mai suna da Vinci, wanda Amurka ta amince da shi tun 2000. Kada sunan ya tsorata ki, ba ya motsi da kansa. Likita ne ke zaune yana sarrafa hannayensa, kyamara na ƙara masa girman jijiyar. Ta 'yan ƙananan huji a ciki aka shiga aka sako ta.

Ban warke nan take ba, jijiya a hankali take farfaɗowa, sai da na yi watanni. Kuma ba kowa aikin ke yi wa amfani ba, ga tsada. Ba kowane ciwon mara ne na jijiya ba.

Amma 'yar'uwa, in ciwon mararki ya wuce wata 6, ki je wurin likita, ki faɗi komai ba ɓoye-ɓoye, ki tafi da maigida ya ji da kunnensa. Ranar da nawa ya ji, shi ya nemi gafarata. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.