Noma: Kalmar da Ta Fi Gonarta Faɗi

A ɗakin labarai mukan rubuta "noma" muna nufin duk abin da ake yi a gona, daga shara har zuwa girbi. Manomin ƙauye bai cika yi wa kalmar wannan faɗin ba. Idan ya ce yau zai tafi noma, ciyawa zai je cirewa da fartanya bayan shuka ta tsiro. Shi ya sa ake da noman fari, sannan maimai. Shuka da sunanta, huɗa da nata, girbi da nasa.

Ina ganin a nan asalin ma'anar yake. Kalmar Bahaushiya ce, ba aro daga Larabci ba kamar "alkama" ko "albasa", kuma aikin da ya fi cin ƙarfi da kwanaki a damina shi ya ba sana'ar gaba ɗaya sunansa. Kirarin ma ya nuna haka: na duƙe tsohon ciniki. Daga nan aka sami manomi, da noman rani, da Sarkin Noma, sarautar da a al'ada ake danganta ta da wanda ya tara dami 1,000.

Duk da faɗaɗar da ta yi, akwai iyakar da ta ƙi tsallakewa. Turanci na iya haɗa mai gero da mai kifi a kalma ɗaya, Hausa kuwa ta raba: noma daban, kiwo daban. Don haka duk lokacin da na ji an ce "noman kifi" a rediyo, nakan san daga Turanci aka fassaro labarin.