Kafinta Ya Fi Ni Gaskiya

Masu iya magana sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ban san nauyin wannan magana ba sai da na yi gardama da wani dattijon kafinta a kan abin da bai fi faɗin tafin hannu ba, watau katakon nan da ake bugawa a gindin bango, wanda ma'aikata ke kira sikatin.

Ga yadda abin ya faru. Saura kwana 5 a kawo mini amarya, sai dangin matata suka aiko da sabon kafet, wanda mahaifinta ya saya da gumin goshinsa domin ɗakin 'yarsa. A lokacin nan an gama shafe da daɓen siminti, amma ba a buga katako ba. Na ce wa kafinta a fara shimfiɗa kafet, sa'an nan a ɗora katako a kansa ya danne baki, aiki ya fita tsaf.

Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Malam, ba haka ake yi ba. Katako ake fara bugawa, a shafa masa fenti ya bushe, a bar 'yar rata da ba ta wuce rabin inci ba tsakaninsa da daɓe. In an zo shimfiɗa sai a cusa bakin kafet a ƙarƙashi."

Ni kuwa ina taƙama da takardar difloma, ga masu jere na tafe ranar Alhamis. Na ce, "Baba, ku dai yi yadda na ce." Ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun a ranar na fara ganin sakayya. Garin katako da ƙurar bulo suka shige cikin gashin kafet, fenti kuma ya ɗiga a wuri 3. Da gwaggon amarya ta zo jere ba ta ce uffan ba, sai dai ta daɗe tana duban wurin, sa'an nan ta sa aka ja kujera aka rufe. Wannan shiru ya fi mini zagi ciwo.

Babbar hasarar kuwa sai da damina. A watan Agusta ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa rabin ɗakin. Muka tashi ɗaga kafet mu shanya, ashe katako ya danne shi ta kowace kusurwa. Dole aka ɓamɓare katakon, ƙusoshi suka fito da shafen bango, katako 2 suka tsage. Kafin mu gama, kafet ya kwana 2 a jiƙe, ya yi wari, ya yi baƙi. Matata ba ta yi mini gori ba, amma na ga hawayenta, domin kyautar mahaifinta ce.

Na koma wurin dattijon nan da kunya. Bai yi mini dariya ba. Ya yanko ƙyallen kafet ɗin ya sa a ƙasa ya zama ma'auni, ya ɗora sabon katako a kai, ya buga, ya zare ƙyallen. Ya kuma ƙara mini da cewa in tayil ne ko daɓen katako, su ake fara shimfiɗawa, sikatin ya biyo baya ya rufe bakinsu. Amma kafet baƙo ne a ɗaki, yau ya zo gobe a sake shi, don haka ba a ɗaure shi da abin da zai zauna shekara da shekaru.

Saboda haka, jama'a, duk mai shirin gyaran ɗaki ya fara da katako, ya bar rata, ya gama fenti, sa'an nan ya kira masu kafet. In kuwa mai sana'a ya ce maka a'a, tambaye shi dalili kafin ka ɗaga murya. Ni dai na biya kuɗin aiki sau biyu, har yanzu kuma ban iya haɗa ido da gwaggon nan. Allah ya sa mu dace.