Kan Keke Daga Kwatano Zuwa Wida

Mu mutanen Jugu tafiya muka gada, amma ba mu gaji yawon buɗe ido ba. Kakanninmu sun sauka a nan ne saboda garin zango ne a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja: a wuce da kanwa da tufafi a kan jakuna, a dawo da goro. Shi ya sa har yau in ka ce za ka Kwatano, tambayar da za a yi maka ita ce me za ka saro a kasuwar Dantokpa. In kuwa ka ce keke za ka hau ka bi gaɓar teku don kallo kawai, sai a ce aikin Turawa ne, ko na wanda ya rasa abin yi.

Ni dai na yi, kuma ina ganin ya kamata samarinmu su yi. Ana ɗora keken a saman mota, a bi ta Sabalu da Bohikon, tafiyar fiye da kilomita 400. Daga unguwar Fijirose a Kwatano hanyar masunta take farawa, wajen kilomita 40 zuwa Wida, teku a hagunka, tafki a damanka, itatuwan kwakwa a jere. A fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. A lokacin da na bi ta, inda kwalta ta ƙare yashi ke cin taya, sai an sauka an tura. Kada kuma kyan ruwan ya ruɗi ɗan tudu ya ce zai yi wanka. Igiyar wannan teku tana jan mutum, masuntan ma suna shakkarta.

Mai babur yana wuce abubuwa da yawa bai gani ba. Mai keke yana tsayawa ya ga maza sun jeru suna jan taru guda daga cikin ruwa da waƙa, har a miƙa masa igiya ya taya. Dab da Wida akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan har ya ƙafe. Duk wanda ya tashi yana jin labarin gishirin Bilma zai daɗe a tsaye a wurin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙarshen hanya. A bakin ruwan Wida akwai Ƙofar Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995, kuma daga cikin gari zuwa wurinta kimanin kilomita 4 ne, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen ruwa. Mukan ɗauka wannan tarihin mutanen kudu ne. Ba haka ba ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an yi ta gangarowa da Hausawa ana sayar da su a Wida da Ikko da sauran tashoshin wannan gaɓa, aka tsallaka da su zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil. A can, a 1807, hukuma ta gano shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla. A watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salbado suka yi bore, akasarinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, aka kuma samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wasu daga cikin waɗanda aka koro bayan haka a wannan gaɓa aka sauke su. Ke nan hanyar goro tana da reshe wanda ya gangara teku, reshen da ba a ba mu labarinsa a zaure ba.

Na tura keken a kan wannan hanya ta kilomita 4 da ƙafa, don hawa bai yi mini daɗi ba. Masu yi wa baƙi jagora suna bayani da Faransanci da Turanci, suna ambaton sarakunan Abomai da fataken Fotugal. A ranar ban ji an ambaci Bahaushe ba, ban kuma ga wani namu ya zo tambaya ba. A lokacin da na je, gwamnati tana shimfiɗa kwalta tana jawo masu otal-otal zuwa gaɓar, don haka mai son ya tarar da bukkokin masunta a inda suke, kada ya jinkirta tafiyarsa.