Tambayar da masu hannun jari ba sa yi

Shekarun da na yi ina halartar taron masu hannun jari na wani ƙaramin kamfanin mai sun nuna mini cewa idan rijiya ta ɓalle, masu kuɗi ma suna da nasu kason na laifi. Shekarar da wata tsohuwar rijiyar kamfanin ta fara yoyo, zaure ya cika maƙil. Yaushe za a toshe? Ganga nawa ta zube? Ribar bana fa? Da injiniya ya miƙe yana bayanin simintin da ya tsattsage da bututun da ya yi tsatsa, sai hankula suka watse. Alhali mutanen nan ne a taron da ya gabata suka matsa wa shugabanni su kwashi kuɗin gyara su haƙa sababbin rijiyoyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Labarin sabuwar rijiya yana ɗaga farashin hannun jari, gyaran tsohuwa kuwa ko jarida ba ta ɗauka. Amma man da ke ƙarƙashin ƙasa a matse yake, kullum neman hanyar fita yake yi. Abin da ke riƙe shi siminti ne, da laka mai nauyi da ake durawa lokacin haƙa, da na'urar da ke datse bakin rijiya. Nan ne ake fara tsumulmula idan aiki ya makara.

A ranar 20 ga Afrilu, 2010, rijiyar Macondo ta kamfanin BP ta fashe a Mashigin Tekun Meksiko. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan rabi, aka dakatar da rabon riba, har abin ya taɓa asusun 'yan fansho a Birtaniya. Ɗawainiyar da ta biyo baya ta haura dala biliyan 60. Kwamitin binciken da Shugaban Amurka na lokacin, Obama, ya kafa ya gano cewa da yawa daga matakan da suka ƙara haɗarin matakai ne na rage lokaci da kuɗi.

Tun da aka ƙaddamar da aikin haƙo mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a 2022, maganar mai ta iso gida. Duk wanda zai sa kuɗinsa, don Allah kafin ya tambayi yawan ganga, ya tambayi nawa aka ware wa binciken rijiyoyi da gyaransu, kuma wa ke da ikon tsayar da aiki idan ya ga alamar haɗari.